Kantar Mamata

"Mahaifiyarki ba ta ɗakinta."

Ina tsaye a bakin titi, gaban gidan da na girma a ciki, ma'aikaciyar gidan tsofaffi ta faɗa mini haka a waya. Ƙarfe goma da rabi na safiyar Asabar, saura rabin awa a fara gwanjon gidan. Mutane sun taru da laimominsu cikin yayyafin Yuli mai ratsa ƙashi, tsakiyar hunturun ƙasarmu, wasu na leƙa tagogi, wani yana ƙwanƙwasa bango da yatsa kamar mai zaɓen kankana.

"Kamar yaya ba ta ɗakinta?"

"Ta karya kumallo, ta sha magani. Da muka je kiranta wasan kati, babu ita, babu kwat ɗinta, babu sandarta. Mu kira 'yan sanda, Kerryn?"

"Ku ba ni minti ashirin."

Yayana Wade ya karanci fuskata tun daga inda yake tsaye da dillali. Ya tsallako ya ja ni bayan mota.

"Mama ta fita," na ce.

"Yau? Yau ɗin nan?" Ya dafe kai. "Nan za ta zo, Kez. Idan ta sauko daga tasi a tsakiyar mutanen nan, mun shiga uku."

Mama ba ta san ana sayar da gidan ba. A watan Mayu ta faɗi a banɗaki, ta kwana biyu a ƙasa kafin mai kai wasiƙu ya ji nishinta. A gadon asibiti ta sa hannu a takardar da ta ba mu ikon kula da dukiyarta, ni da Wade, ba wanda zai yi komai sai da hannun ɗayan. Muka ce mata hutu za ta je, na mako biyu, ta murmure ta dawo. Yau mako bakwai. Duk lokacin da ta tambaya sai mu ce mako mai zuwa.

"Je ki nemo ta," in ji Wade. "Ki mayar da ita, ki dawo kafin sha biyu. Ba hannunki, ba ciniki."

Na bi titin da bas ke bi, ina duba kowace rumfar jira. Na wuce coci, na wuce kantin magani. Sai a fitilar hanya ta uku na tuna wace rana ce. Shekara arba'in Mama ba ta taɓa yin safiyar Asabar a gida ba. Wuri guda take zuwa.

Na juya kan mota zuwa shago.

* * *

Shagunan littattafai suna da yawa a garinmu Ballarat, amma idan Mama ta ce shago, na Lyle Hocking take nufi. Tsohon gini ne mai ɗakuna uku a jere, ƙasan katako da ke kuka duk inda ka taka. Akwai murhun itace a tsakiya, da butar shayi da ba ta hucewa, da kujera guda mai laushi da ba a taɓa tayar da kowa daga kanta ba, ko da wuni zai yi bai sayi komai ba. Hocking ya san abin da kowa ke karantawa. Kafin ka cire hula ya miƙo maka littafi, kuma da wuya ya kuskure.

Amma abin da ya sa mutane ke riƙe shagon a rai shi ne kantar da ke kusa da murhu. Idan wani cikin masu zuwa ya rasu, iyalinsa suka kawo littattafansa, Hocking ba ya warwatsa su. Yakan jera su wuri ɗaya wata guda cur, ya rubuta sunan mutumin a farin kati, abokan karatunsa su zo kowa ya sayi ɗaya don tunawa.

Mako uku da suka wuce na tsaya a ƙofarsa da katan goma sha huɗu a motar haya. Wade ya ce in kai su bola, mai ɗaukar hoton gida zai zo washegari. Na kasa. Na ce gara shagon da take so.

Hocking ya fito, ya buɗe katan na farko, ya ga rubutun Mama a bangon ciki. Ya cire tabaraunsa a hankali. A wannan shago ba a kawo littattafan mutum gaba ɗaya yana da rai.

"Val?" ya ce. "Yaushe?"

Gaskiyar doguwa ce, kuma mummuna. Ƙaryar kalma ɗaya ce.

"Talata," na ce.

Ya tambayi jana'iza, na ce 'yan gida kawai muka yi. Tsohon ya rungume ni yana kuka a kafaɗata. Daga baya katin ta'aziyya biyu suka zo ta hannunsa, na cusa su a aljihun mota.

* * *

Yau ƙararrawar ƙofar shagon ta kaɗa da na tura. Ɗumin murhu da ƙamshin tsohuwar takarda suka tare ni.

Mama tana zaune a kujerar, kwat ɗinta a jiƙe, silifas ɗin ɗaki a ƙafarta, kofin shayi a hannu. Gabanta kantar. A saman kantar farin kati: Valmai Trezise, ba wanda ya taɓa ɓoye mata mai laifi.

Hocking yana bayan tebur, fuskarsa kamar an shafa toka. Bai ce mini sannu ba.

"Ga marainiya ta iso," in ji Mama. "Shigo, rufe ƙofa, kina sako mana sanyi. Saura kaɗan in kashe tsohon ɓarawon nan. Ina shigowa ya zubar da butar shayi, ya kama salatinsu na coci. Shekara arba'in ban san ya iya addu'a ba."

"Val, don Allah," in ji Hocking.

"Yi shiru, Lyle. Kai ma da laifinka. Littafin da ka sayar mini dala biyu ka sa masa huɗu. Ashe mutuwa tsada take ƙara wa mutum."

"Mama, tashi mu tafi. Ana nemanki."

"Wa ke nemana?" Ta nuna kantar da sandarta. "Ƙirga gurabun nan. Goma sha ɗaya. Mutum goma sha ɗaya suka tako cikin sanyin nan saboda na mutu. Mako bakwai ina can da raina, ke kin zo sau uku, yayanki sau ɗaya, shi ma yana duba agogo. Na fi kasuwa a mace."

Ta ajiye kofin, ta zaro littafi ɗaya. Duk labaran kisan kai ne, ba ta karanta wani abu sai su. A bangon ciki na kowanne takan rubuta da fensir lambar shafin da ta gano mai laifin. Ta buɗe, ta duba lambar, ta rufe.

"Littafi nake so in saya kawai," ta ce. "Na can duk na soyayya ne, kuma an yage ƙarshensu. Na ce in ɗauki ɗaya, in biya gida in ga ko lemona ya nuna, in koma kafin abincin rana. Sai na tarar da kaina a nan." Ta ɗago ido. "Idan littattafaina suna nan, me ya rage a gidan?"

Ta mayar da littafin gurbinsa.

"Wade na gano shi tun yana ɗan shekara tara. Ke ce na karanta har ƙarshe ban gano ba."

Wayata ta yi kuka. Shiru ya yi yawa a shagon, muryar Wade ta fito kowa yana ji.

"An buga guduma, Kez, gida ya sayu! Ya wuce abin da muka sa rai. Masu sayen suna falo da biro a hannu. Kin gan ta? Kina ina?"

Na kashe.

Mama ta juya ga wutar murhu. Da ta yi magana babu sauran zolaya a muryarta.

"Sai kin sa hannu?"

"Eh."

"Idan ba ki sa ba, yau a gidana zan kwana?"

"Babu gado a ciki, Mama. Babu komai."

"Ƙasa ta ishe ni. Na kwana biyu a kanta ba wanda ya hana ni."

"Za ki sake faɗuwa. Ina aiki kwana shida a mako. Wade yana Melbourne. Wa zai duba ki?"

"Ban ce ki duba ni ba, 'yar nan. Ce miki na yi ki bar mini ƙofata."

Hocking ya yi gyaran murya. "Akwai matan da hukuma ke turowa gida, su yi wanka da girki. Ƙanwata..."

"Mun rubuta sunan Mama tun Mayu," na ce. "Sun ce layin ya kai shekara."

Wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta, ina jin ta kamar tsakuwa a takalmi. Mako bakwai ɗin nan na yi barci. Na daina zabura duk lokacin da waya ta yi ƙara. Na daina tuƙi zuwa gidanta da tukunyar miya ina jin haushin kaina saboda ina jin haushinta. Idan na ƙi sa hannu, Wade zai koma Melbourne ya daina ɗaukar wayata, ita kuma ta zama tawa ni kaɗai, har ranar da katin nan zai zama gaskiya.

Wayar ta sake kuka.

"Zauna nan, Mama," na ce. "Yanzu zan dawo."

Ba ta kalle ni ba. "Lyle, ƙaro shayi."

* * *

A falon babu ko kujera, a kan kantar kicin aka shimfiɗa takardun. Masu sayen miji da mata ne, matasa, matar da tsohon ciki. Tana ta murmushi, tana cewa bishiyar lemon ce ta sace mata zuciya.

"Mai gidan ta ji daɗi?" ta tambaya.

"Sosai," in ji Wade. "Tana hutawa."

Dillali ya nuna mini wuri da yatsa. Na tsaya da biro a sama, har Wade ya taka mini ƙafa. A bangon da ke gabana akwai dogayen layuka masu haske, inda kantocin littattafai suka kare fenti daga rana shekara da shekaru.

Wuri uku ne. Na sa hannu a duka ukun. Bai kai minti ɗaya ba.

* * *

Da na koma, Hocking yana kan ƙaramin tsani, hannunsa a kan katin.

"Bar shi," Mama ke ce masa. "Kwana nawa ya rage?"

"Tara."

"A cika mini watana kamar kowa. Ban ga abin da ka rubuta ba daidai ba."

Ta juyo ta dube ni sau ɗaya, daga fuska zuwa hannu, ba ta tambayi komai ba. Ta zaɓi littafi guda cikin nata, ta kai tebur, ta buɗe jaka. Hocking ya ce ba zai karɓa ba, nata ne.

"Na marigayiya ne," ta ce. "Karɓi kuɗinka."

Ya karɓa. Ya raka ta har mota da laima, ya ce zai zo ranar Lahadi. Ni bai ce mini komai ba, na kuma san na daina shiga shagon nan.

A hanya ban bi ta unguwarmu ba, ita ma ba ta ce in bi ba. Littafin yana cinyarta a rufe.

Ƙofar gidan tsofaffi gilashi ce mai kauri, ba ta buɗewa ta ciki ko ta waje sai an danna lamba huɗu. Ina laluben ƙararrawa Mama ta miƙa yatsa ta danna lambobin da kanta, ba gargada. Ƙofar ta buɗe.

Ma'aikaciyar ta taho da gudu. "Val! Kin tayar mana da hankali! Wa ya ba ki lambar?"

"Ido gare ni, 'yata. An ci abinci?"

"An ajiye miki. Kin ji daɗin yawon?"

"Ta'aziyya na je."

Ta shige, silifas ɗinta na barin sawun ruwa a kan tayil. A tsakiyar zauren ta tsaya ta juyo. Na ɗaga mata hannu ta cikin gilashi, amma ba ni take kallo ba. Ma'aikaciyar take kallo, wadda ta riga ta sunkuya a kan madannin tana sa sabuwar lamba, ta kare shi da tafin hannu.