Amshin da Kaneng Ba Ta Koya Mana Ba

Kaneng Dalyop ba ta taɓa rubuta waƙa a takarda ba. A kicin take haɗa ta, ko a cikin bas, ran Alhamis ta kawo mana ita zumuntar mata, a zauren unguwa da ke Levenshulme, a nan ƙasar Turawa. Ita ta ja baiti, mu mu amsa, ni ina kaɗa tulu. Haka muke tun muna 'yan mata a Jos. Rabin waƙar a bakinta yake, rabi a namu, in babu mu to babu waƙa.

Sai hukuma ta ce babu kuɗi, aka garƙame zauren. Mata kowa ta kama gabanta, wannan tana aikin kula da tsofaffi, waccan ta koma Salford. Ana cikin haka ciwo ya kwantar da Kaneng, ɗanta Davou ya ɗauke ta zuwa Birmingham. Kullum fargabata kada ta tafi da waƙoƙin nan.

Davou yaron kirki ne, amma irin masu kirkin nan da ba sa shawara. Ya kira ni yana murna, wai zai kai ta a ɗauki muryarta.

Na ce, "Madalla! Bari in tattaro mata, mu zo mu yi mata amshi."

"Mama Celestina, kada ku wahala. Mai studio ya ce voice ɗinta kawai yake so, clean. Su tulu duk noise ne."

Tulun da na rungumo a cinya tun daga Jos, shi ne hayaniya! Na ce masa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya ce tuƙi yake, zai kira ni. Har yau yana kira.

Kafin shekara ta zagayo Kaneng ta rasu. A taron tunawa da ita a cocinsu na Birmingham, Davou ya kunna faifan da aka ɗauki muryarta. Muryar ta fito tas, ta ja baiti, sai shiru. Ta sake ja, sai shiru. Yara suka fara kallon juna, Davou ya nufi na'urar, a zatonsa ta lalace.

"Kada ka taɓa!" na daka masa tsawa. "Jiranmu take yi."

Daidai tsawon amshi take bari, ba ƙari ba ragi. Na ɗaga murya, Monica da Raki, tsofaffin abokan zumunta, suka kama. Waƙa bayan waƙa muna cike mata gurbi, muna kuka, ni kuwa har da haushi.

Sai ga ta ƙarshe. Ban taɓa jin ta ba. A kan gadon jinya ta haɗa ta, kuma ta fi duk sauran daɗi. Ta ja baiti, ta dakata. Monica ta dube ni, Raki ta dube ni, ni kuma na dubi Davou.

"Ta koya maka amshin?"

Ya sunkuyar da kai. "Ta ce za ta koya muku in kun zo."

Kaneng ta sake ja, ta sake dakatawa. Na buɗe baki, babu abin da zan sa a wurin. Haka ta yi ta jiranmu har waƙar ta ƙare.