Kwanon da Na Bar wa Awaki

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma da yunwa na yi shi, gara in faɗi wannan tun farko.

Ga yadda aka yi. Damina ta zo ƙarshe, sabon gero bai shigo ba, na rumbu kuma ya kusa ƙarewa. Sai matata Hansai ta shiga ɗan lambunta ta yanko kabewa, ta tsinko yalo da tattasai, ta tono dankali, ta gasa su a garwashi tare da albasa. Ta dafa sabuwar gurjiya ta juye a kai, ta yaryaɗa man gyaɗa, ta barbaɗa yajin ƙuli. Ni mahaƙin rijiya ne, na wuni cikin rami, tuwo nake nema. Na buɗe kwano na ce, "Wannan ai abincin awaki ne." Ta mayar da murfi, ta ɗora kwanon a kan turmi. Na kwanta, ƙanshin na bina har cikin gidan sauro.

Sai na gan ni a wani gari da rana tsaka. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tashi yana tafiya sama. Kowa ya juya laimarsa ya shiga ciki ya tsaya. Wasu abokan sana'ata na kan tsani suna haƙa rijiya a cikin gajimare. Na ɗaga kai na ce musu ramin ya karkace. Suka yi godiya, suka ƙara karkatar da shi.

Ƙanshin gashin Hansai ya zo ya wuce ni sanye da silifas. Na bi shi.

Wani ofis ya shiga. Mutane a kan benci, awaki a bayan tebura. A babban teburin, Kyalla ce, akuyar gidana, da tabarau. Takardar da ta amince da ita sai ta cinye, wadda ba ta amince da ita ba ta bar wa mai ita. A gabanta ga kwanona a rufe.

"Maigida, sannu da zuwa," in ji ta. "Zauna a ƙasa."

"Kyalla, sauka daga kujerar mutane."

"Ranki ya daɗe ake cewa," in ji wani bunsuru, masinjanta.

Na ce, "Miƙo min kwanona."

"Na wa? Jiya bayan magariba ka ce abincin awaki ne. Akwai shaidu, kaji biyu da turmi." Turmi ya yi gyaran murya daga lungu. "Shekara da shekaru muna jiran namiji ya faɗi haka da bakinsa. Daga yau duk abin da aka gasa namu ne. Ku an ware muku dusa."

Na waiwaya benci. Mazan gari ne, kowa da ƙwaryar dusa a cinya, kowa na hararata. Wani mai gasa masara kuka yake yi.

Kyalla ta ce, "Da zarar ruwan nan ya gama hawa, zan buɗe."

"To na janye maganar."

"Magana zarar bunu ce, Maigida."

Bunsuru ya matso, da warinsa da komai, ya raɗa min, "A garin nan bunu yana komawa. Amma ba daga ɗakinmu ka zara ba. Je ka wurin mai girkin."

Sai ga ni a gaban Hansai. Tana zaune a kan wata kabewa mai girman rumbu, tana fifita garwashin da ke rataye a iska. Kayan lambu sun yi layi suna shiga ƙarƙashinsa, wanda ya gasu ta gefe ɗaya sai ya juya da kansa. Wani yalo ya ture ni ya ce, "Gafara dai, Malam, layi ne."

Na ce, "Hansai, ki ce su ba ni kwanona."

"Malam, ai ba ni na ba su ba."

"To yaya zan yi?"

"Ka faɗi abin da hancinka ya gaya maka."

"Ni ba na yabon abinci. Ubana ma bai yi ba. Kwano in ya dawo wayam, ai ya yi magana."

"To wannan ya dawo cike. Me ya ce?"

Shekara ashirin da huɗu ina cin girkin matar nan, abin da ta taɓa ji daga bakina bai wuce "gishiri ya yi yawa" ba.

Ruwa ya fara tsagaitawa. 'Yan ɗigon ƙarshe na tashi ta tsakanin yatsun ƙafata, na danne su da tafin ƙafa. Na buɗe baki in yi magana, sai gurjiya ta zubo, dafaffiya. Na sake buɗewa, albasa. Hansai ta tara faifai.

"Ci gaba, Malam, ko ba komai mun sami na gobe."

Ɗigo ɗaya ya rage. Ya zame ta gefen diddigena, na kai masa cafka, ya wuce. Can nesa na hango Kyalla ta cire tabarau, ta wanke kofato, ta sa hanci a ƙarƙashin murfi.

Ƙwaram!

Na farka. Gari ya waye, murfin kwano na ta juyi a tsakar gida. Kyalla ta tsinke igiya, ƙafafunta na gaba a kan turmi. Ban nemi takalmi ba. Ta tsira da yankin kabewa ɗaya, na tsira da sauran. Nan na tsuguna na hau ci da sanyinsa. Yalon ya yi laushi, gurjiyar ta sha mai da yaji, kabewar kuwa kamar an zuba mata zuma.

Hansai ta leƙo daga madafa. "Malam, bar mata mana. Ai nata ne."

Na haɗiye. Na shafa bakina in tabbatar ba abin da zai zubo.

"Hansai," na ce, "abin nan da daɗi."

Ta tsaya da ludayi a hannu, ta ɗaga kai ta dubi sama. "Lallai yau za a yi ruwa da ƙanƙara."

Ni kuwa ƙasa na duba.