Ramin Gaban Rumfata

Ni mai faci ne, kuma ba na ɓoye-ɓoye: ramin da ke tsakiyar titi gaban rumfata shi ya daɗe yana ciyar da gidana. Ba ni na haƙa shi ba, ko da yake mai shayin da ke gefena ba ya rabo da tsokana, wai ya taɓa ganin shebur a bayan injin iskata. Ruwan sama ne ya fara shi, manyan motoci suka ƙarasa. Ni dai nawa in zauna a kan tsohuwar taya, in ji fuus, in miƙe in ɗauko jak.

A lokacin duk gari ne ke zaɓen kansiloli a dunƙule. Su tara ne, kuma dukansu a unguwar kan tudu suke zaune, inda titi yake sumul kamar tafin hannu. In mutanen unguwarmu suka kai kuka, wannan ya ce ai aikin wancan ne, wancan ya ce a dawo bayan taro. Kansilolin kowa ne, saboda haka ba wanda ya isa ya kama rigar ɗaya. Ni kuwa kullum addu'ata Allah ya ƙara musu lafiya.

Sai aka zo da maganar a raba birni, kowace unguwa ta zaɓi nata. Matata ce ta tare ni da zancen ina wanke hannu da kananzir.

"Baban yara, za ka je ka jefa ƙuri'ar amincewa ko?"

"Ba inda za ni."

"Saboda ramin nan naka."

"Ra'ayina ne dai."

"Ra'ayin naka zurfinsa ya kai gwiwa," in ji ta. "Jiya ƙanwata ta faɗa ciki da kwandon ƙwai a ka."

"To ni me zan yi? Ƙwai ba ya faci."

Ba ta yi dariya ba, kuma ranar miyar da na samu ba nama.

Na shiga kamfe ni kaɗai. Duk wanda ya kawo taya sai in ce masa kansilan unguwa ƙaramin mutum ne, bai san komai ba sai lungunsu. Amma da wuya ka shawo kan mutumin da tayarsa ta fashe yanzu-yanzu. Wani direba ya harare ni ya ce, "Malam, da na san gidan kansila, da yanzu na je na rataya masa tayar nan a wuya."

Aka jefa ƙuri'a, aka amince. Da aka zo zaɓe, unguwarmu ta ɗauko telan da ke tsallaken titi, wanda motoci ke watsa wa kayansa taɓo. Na ce da sauƙi, ai mutumina ne. Na tsallaka na same shi a kan kekensa.

"Ranka ya daɗe kansila, ka fara da fitilun titi mana. Rami ai ba gudu zai yi ba."

Ya cire allura daga bakinsa. "Mai faci, kowa ya san inda nake kwana. Tun da na ci zaɓen nan ban ci abinci da zafinsa ba. Ƙanwar matarka ta kafa kujera a ƙofar gidana. Tsohuwata ma ta ce in ban cike ramin nan ba, kada in zo gaishe ta."

Haka ya dinga tayar da maganar a majalisa, zama bayan zama, har suka gaji suka ba shi motar kwalta don ya yi shiru. Ina kallo aka binne min abinci, mata suna ta tafa hannu.

Na zauna ba aiki sai korar ƙuda. Da abin ya ishe ni, na kira mai kura muka loda injin iska da tarkacena, muka nufi unguwar da ke bayan gada, inda aka ce akwai wani rami da ya haifi nawa. Na gan shi kuwa, bakinsa da kaifi, har raina ya yi fari.

Sai na hango mata sun yi cincirindo a ƙofar wani gida, wani mutum da singileti yana leƙowa ta taga yana ba su haƙuri. Na tambayi mai lemon da ke wurin, "Gidan wa ke nan?"

"Na kansilanmu."

"Me suke nema?"

Ya nuna min ramin da haɓa.

Mai kura ya riga ya fara kwance igiya. Na ce, "Kada ka sauke."

"To ina muka nufa?"

"Ba unguwar da aka manta ba a ba ta kansila ba?"

"Ai kowa ya samu nasa."

Na ƙara kallon ramin, na yi masa sallama a zuci. "Juya mu koma gida," na ce. "Zan koyi gyaran birki, tunda yanzu 'yan banzan direbobin nan gudu suke yi."