Rabin Kuɗin Sanyi

Wasila ta fizge takardun nan uku daga jikin ƙofa ɗaya bayan ɗaya, har salatef ɗin ya taho da fenti. Ta shigo falo gumi na bin gadon bayanta, ta watsa su a kan cinyar Mahfuza.

"Mene ne wannan?"

Mahfuza tana zaune a kan tayil, ta jingina da firiji tana fifita da murfin kwali. Ta dubi takardun kamar yau ta fara ganinsu.

"Rasit ne mana. Na manna su ne don in masu yanka sun zo su ga muna biya."

"Masu yanka! Mahfuza, a hawa na goma sha ɗaya muke. Da wane tsani za su hawo?"

Su uku ne a wannan gida na unguwar Al Nahda a ƙasar Larabawa, duk ɗalibai 'yan Kano. Ramlat ta tafi hutu gida tun watan Yuni ta kulle ɗakinta. Haya da wuta da ruwa duk da sunan Wasila aka yi, don ita ta riga su zuwa. Har da kuɗin sanyi, wanda a wannan benen daban ake biya, domin wani kamfani ne ke turo ruwan sanyi ta bututu, na'urar kowane ɗaki ta hura shi. Tattara kuɗin kuwa aka bar wa Mahfuza, saboda ita ce mai karatun injiniya, wai ta fi su kan lissafi. To, ga inda lissafin ya kai su.

A farkon wata mai benen ya sallami tsohon kamfanin sanyi ya ɗauko sabo. Sabon ya ce ba zai buɗe wa kowane gida bututu ba sai an kawo takardar shaidar cewa tsohon ba ya bin ko kwabo. Maƙwabta duk sun kai tasu. Jiya tsohon kamfanin ya rufe nasu ya yi gaba, sai yau da safe Wasila ta buɗe saƙonnin da ta daɗe tana tsallakewa, ta ga wata uku kenan rabin kuɗi kawai ake biya da sunanta.

"Ina sauran?" in ji ta.

"Yana cikin gwangwanin madara, ko fils ban taɓa ba. Ki saurare ni, Wasila. Ɗari takwas a Mayu, ɗari takwas a Yuni, ɗari takwas a Yuli. Ramlat ba ta nan, ɗakinta a rufe, amma ko dirhami ɗaya bai ragu ba. Wannan kintace ne, wallahi. Haka 'yan wuta ke yi mana a Gwammaja. Baba rabi yake biya ya ajiye rasit, in sun zo a zauna a yi magana."

"Nan Gwammaja ce? Wa kika taɓa gani ya zo an zauna da shi? Nan ba mai zuwa, Mahfuza, maɓalli ake dannawa daga ofis, khalas, shi ke nan!"

"Ai da kin bari na..."

"Umma za ta sauka ƙarfe bakwai!"

Mahfuza ta san wannan. Mahaifiyar Wasila na da ciwon zuciya, likitan Kano ya turo ta ganin wani likita a nan ranar Litinin. Ɗalhatu, yayan Wasila, motarsa ya sayar aka haɗa kuɗin jirgi da na asibiti, ba a ware ko sisi na otal ba, domin ai 'yarta na da ɗaki. Ga shi Agusta ne. Ƙaramin allon da ke bango yana nuna zafi ya kai digiri talatin da shida tun rana ba ta take ba, kuma matar da ko matakala biyar ta hau sai ta tsaya ta huta ba za ta kwana a wannan tanderu ba.

Wasila ta zazzage gwangwanin a jakarta, ta ja mayafi. Yau Juma'a, ofishin tsohon kamfanin da ke Al Qusais ƙarfe goma sha biyu yake rufewa, sai kuma Litinin.

"Bari in raka ki," in ji Mahfuza.

"Ki zauna ki jira masu tsani."

A cikin tasi ta yi ta shirya maganganun da ba ta samu ta faɗa ba, kowace ta fi ta baya zafi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ita ma da nata, don saƙon kamfani ya yi ta shigowa tana share shi da yatsa kamar tallan shago. Amma ba yau za ta amsa wannan laifin ba. Yau duk na Mahfuza ne.

Ofishin sanyi ƙalau kamar cikin firiji, abin da ya ƙara tunzura ta. Ta ciri lamba, saba'in da huɗu, allo kuwa na nuna sittin da ɗaya. Ta zauna tsakanin wani dattijo Ba'indiye mai fayil da wata mata da ke jijjiga jariri, tana duban agogo, tana duban allo. Wani ma'aikaci ya tashi ya je ya haɗo shayi a nitse ya dawo, ta ji kamar ta bi shi ta kife kofin. Sai sha ɗaya da ashirin aka kira ta.

Matar da ke bayan gilashi, Najiba aka rubuta a ƙirjinta, ta karɓi katin shaida ta danna na'ura.

"Dubu ɗaya da ɗari biyu ake binku, da tarar jinkiri ɗari uku."

Tarar ba ta cikin gwangwani. Wasila ta zaro ɗari uku daga kuɗin da ta ware na cefanen Umma, ta tura duka ta ƙarƙashin gilashin. Najiba ta miƙa hannu, sai kuma ta tsaya, ta matso da fuskarta kusa da allon.

"Shwaiya, dakata kaɗan, habibti. Mitarku ta daina aiko da karatu tun ƙarshen Afrilu. Waɗannan wata ukun kintace aka yi muku."

Wasila ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Me kika ce?"

"Kintace. Akwai ɗakin da ba kowa a ciki? To lalle an ɗora muku fiye da kima. In kin shigar da ƙorafi za a je a ciro karatun daga jikin mitar, ina ganin za a dawo muku da kuɗi mai kauri, a soke tarar ma."

"Wato kun san mitarku ta mutu, kuka yi ta rubuto mana abin da kuka ga dama, sannan kuka rufe mana sanyi a Agusta?" Muryarta ta tashi har dattijon nan ya waigo. "Sannan ku ci mu tara? Tarar me? Ku ne ya kamata ku biya mu tara!"

"Na'ura ce ke yi, habibti, ba ni ba."

"Na'urar ba ta da uban gida ne? Kira min shi!"

"Ya tafi masallaci."

Wasila ta dafa kantar da hannu biyu. Ta tambaya ƙorafin kwana nawa yake ɗauka. Kwana goma na aiki, in ji Najiba, kuma muddin ƙorafi na buɗe ba a ba da takardar shaida. In tana son takarda yau, sai ta biya duka, ta sa hannu a kan cewa ta amince da lissafin, ba ta da wata ja a kansa har abada.

"Ba wata hanya?"

"Babu. Ni dai da ni ce, da ƙorafin zan yi. Haƙƙinku ne."

Agogon bango ya nuna sha biyu saura kwata. Wayarta ta yi motsi a jaka, saƙon murya ne daga Ɗalhatu, wai sun sauka Addis lafiya, Umma ta ɗan gaji amma ta sha magani, tana tambaya ko ɗakin na da taga. Wasila ta saurara sau ɗaya ta mayar da wayar.

"Ba ni biron."

Ta sa hannu da ƙarfi har takardar ta huje. Najiba ta buga hatimi, ta miƙo mata shaidar tare da wata takarda mai nuna watannin uku, kowanne da kalmar kintace a gefensa. Wasila ta ninke wannan huɗu ta cusa a ƙasan jaka.

Teburin sabon kamfanin a ƙasan benensu yake. Mutumin da ke wurin ya ɗauki hoton shaidar, ya ce inshallah bayan sallar Juma'a mai gyara zai hau. Ba ta yarda da inshallah ɗinsa ba, ta zauna a kujerar gabansa ta tsare shi da ido har mai gyaran ya iso wajen ƙarfe uku, ta tasa shi a gaba zuwa hawa na goma sha ɗaya.

Tana buɗe ƙofa ƙamshin miyar kuɓewa ya tare ta. An goge tayil, an sauya zanen gadonta, an jera matasai biyu yadda Umma za ta jingina. Mahfuza ta fito daga kicin jiƙe sharkaf da gumi, idonta ja. Mai gyaran ya buɗe wani murfi a rufin baranda ya murɗa abin da zai murɗa. Can sai na'urar falo ta yi gurnani, iska ta fara fitowa, da farko ɗumi, sannan sanyi. Suka tsaya a ƙarƙashinta su biyu kamar masu jiran rabo.

"Ban sa gishiri sosai ba, saboda Umma," in ji Mahfuza. Ta shiga ɗakinta ta dawo da kuɗi a dunƙule. "Na duba shafin kamfanin na ga tarar. Ga ɗari uku. Na gyaran kwamfutata ne, amma ta jira. Ni na jawo."

Wasila ta dubi kuɗin. Har yanzu ranta a ɓace yake, sai dai yanzu ba ta san inda za ta sauke shi ba.

"Don Allah ki faɗa min abu ɗaya," Mahfuza ta ce a hankali. "Da suka duba, lissafin daidai ne?"

Da ta ce kintace ne, ta san abin da zai biyo baya. Mahfuza za ta daka tsalle ta ce ai ta faɗa, Ramlat za ta kira daga Kano ta tambayi wa ya ba ta izinin sa hannu a kan kuɗinsu, kuma duk wannan a gaban Umma za a yi shi.

"Daidai ne," in ji Wasila. "Haka mitar ta nuna."

Mahfuza ta sunkuyar da kai. "To. Ni da injiniyancina. Ki yafe min, Wasila, na kusa kashe miki uwa da taurin kaina." Ta sake miƙo kuɗin.

"Ki bar kuɗinki."

"A'a, wallahi sai kin karɓa."

"Na ce ki bar shi!"

Tsawar ta fi ƙarfin maganar, amma Mahfuza ba ta lura ba. Hawaye ne suka zubo mata, ta kama hannun Wasila da hannu biyu ta riƙe.

"Kin fi ni zuciya mai kyau," ta ce. "Da ni ce, wallahi da ban yafe ba."

Wasila ta zare hannunta, ta rataya jakar a kafaɗa ta matse ta a hammata.

"Yalla, saka mayafinki," ta ce. "Kar jirgi ya riga mu."