Rawanin Baba

Shekara goma sha ɗaya ni nake naɗa wa Baba rawani. Tun da hannunsa na dama ya shanye, kullum da safe sai in taje masa gashi, in tufke, in ɗauko yadi shida in yi ta kewaya kansa, yana mita wai na matse masa kunne. Ƙanena Sukhchain kuwa yana Kanada. Satinsa biyu da sauka ya aske gashinsa, wai wurin aiki ne suka so haka.

A ƙauyenmu idan uba ya rasu, ranar goma in an kammala karatun Littafi mai tsarki a gurdwara, ɗakin ibadarmu, ana naɗa wa magajinsa rawani a gaban jama'a, shaidar gida ya koma hannunsa. Ɗa namiji ake naɗa wa, ko da jiya aka yaye shi. Baba ya ce shi ba za a yi masa haka ba. Ya sa na kira Sukhchain a waya, ya faɗa da bakinsa: "Guru, jagoran addininmu, ya koya mana mace da namiji ɗaya suke a wurin Ubangiji Waheguru. Tejwant ce babba, ita ta riƙe ni, ita ta riƙe gona. Ita za a naɗa wa. Kai za ka miƙe ka faɗa wa mutane."

"Haba Baba, wa zai ja da wannan?" in ji Sukhchain. "Ni ko yadda ake naɗa shi na manta."

Baba ya rasu bayan girbin alkama, Sukhchain ya dawo gida. Safiyar ranar goma na ɗauko shuɗin yadin da ya zaɓa da kansa. Mutum ɗaya ba ya iya ninke rawani, sai Sukhchain ya kama baki ɗaya, na kama ɗayan, muka ja muna naɗewa a tsakar gida.

"Yaya, daga yau sai mun nemi izini kafin mu zauna ke nan?" ya ce yana dariya.

Ni da wautata har man shanu na ƙara masa a gurasar roti.

A gurdwara kowa ya zauna a ƙasa, maza gefe, mata gefe. Aka gama addu'a. Baffa Kartar, ƙanen Baba, ya ɗauko rawanin a faranti ya nufi gefen maza. Na kalli Sukhchain. Miƙewa kawai zai yi ya buɗe baki. Ya kalle ni ido cikin ido, ya san me nake jira, sannan ya sunkuyar da kai. Baffa ya naɗa masa a karkace. Wata tsohuwa kusa da ni ta matse min hannu, wai in gode, gidanmu bai rasa namiji ba.

Ban ji haushin Baffa ba, shi bai taɓa yi min alkawari ba. Wanda na goya ne ya ci amanata, kuma zafin abin har cikin ƙashina na ji shi.

Bayan an ciyar da jama'a ya same ni ina wanke faranti.

"Yaya, kada ki ɗauka da zafi. Hukuncin Waheguru ne. Ni ban nema ba, alherinsa ne kawai ya faɗo a kaina."

"Waheguru ya ba ka baki, ya ba ka wuya," na ce. "Kai ka zaɓi wanda za ka yi aiki da shi."

Washegari da hantsi dattawa suka cika ƙofar gida, sun zo gaida sabon maigida. Sukhchain ya kira ni ɗaki. Ga rawani a warware a kan gado, ga shi tsaye da askakken kai, gumi na keto masa.

"Yaya, ki rufa min asiri. Sau uku ina gwadawa yana zamewa."

Ya miƙo min bakin yadin. Hannuna ya karɓa tun kafin in yi tunani, ya riga ya saba. Na tsaya ina kallon yadin. Sai na ninke bakin a hankali na mayar kan gado.

"Zauna ka sunkuyar da kai kamar jiya," na ce. "Wataƙila hukuncin ya sake biyowa ya naɗa maka."

Na ɗauki bokitin tatsa na fita. A ƙofar gida Baffa yana ɗaga murya: "Wai ina maigidan ne?"

Na wuce ta gabansu ban amsa ba. Daga cikin ɗaki ma ba a amsa ba.