Rahoton da Ya Kama Waƙafi

A maɗaba'ar da muke aiki ba mai kiran mahaifiyata da sunanta. Waƙafi ake ce mata, tun daga Manaja har mai gadi, saboda shekara ashirin da shida ta yi tana buga littattafan mutane a na'ura tana gyara musu rubutu, kuma ba ta taɓa barin waƙafi ya kwana inda ba wurinsa ba. Ko takardar cefane na rubuta mata, sai ta dawo mini da jan biro a jikinta. Ni Umma nake ce mata. Ita kuwa tun ranar da aka ɗauke ni aikin kula da kwamfutocin wurin ta ajiye Auta ta koma kirana Injiniya, tana jan ƙarshen kalmar yadda duk wanda ke ɗakin zai ji.

Abin ya fara ne da littafin wani malamin lissafi. An gyara shi tsaf, aka kai injin bugu, sai ga shi ya fito da tsofaffin kurakuransa, har da shafi biyu da suka yi ɓatan dabo. Bayan mako biyu aka sake yin haka da wani littafin. Manaja, mutum mai saurin gumi da saurin fushi da saurin hucewa, ya kira ni ya ce yana son sanin wanda ke taɓa fayiloli bayan an gama gyara an rufe su. Na ce masa wannan ai wasan yara ne. Har yau in na tuna yadda na ɗaga kafaɗa na faɗi haka, kunya ce ke rufe ni.

Babbar kwamfutar da duk aikinmu ke ciki ba ta san kowa da suna ba, lamba ta sani. In ka taɓa fayil, abin da take rubutawa kawai shi ne lamba kaza ta taɓa shi da ƙarfe kaza. Sunayen suna cikin wani kundi da ake kira kundin kalmomin sirri, ko da yake tun tuni aka kwashe kalmomin sirrin daga cikinsa aka bar harafi ɗaya a gurbinsu. Kowane ma'aikaci layi ɗaya gare shi: sunan da yake shiga da shi, lambarsa, lambar sashensa, cikakken sunansa, da wurin da ake ajiye masa fayilolinsa. Umma ce dubu da ɗaya, don ita aka fara buɗe wa asusu ranar da aka kawo na'urar. Ni ce dubu da talatin da huɗu.

Sai na rubuta 'yar manhaja. Duk canjin da aka yi wa rufaffen fayil, ta ɗauki lambar wanda ya yi shi ta tambayi kundin ko waye, ta ɗauki lambar mai fayil ɗin ta sake tambaya, sannan ta rubuta layi guda: wane ya taɓa fayil ɗin wane da ƙarfe kaza. Na gwada ta a kan fayilolina, ta ce ni na taɓa nawa, kuma gaskiya ta faɗa. Kafin a tashi cin abincin rana na gama. Na saita ta yadda kowace safiya rahoto zai sauka a teburin Manaja, na kuma sa sunana a ƙasa da manyan haruffa, don kada a rasa wanda za a yaba wa.

Rahoton farko layi tara ne, kuma duk taran suna ɗaya suka kama. Waƙafi ta taɓa fayil ɗin Waƙafi.

Da Manaja ya yi mata faɗa da ya fi sauƙi. Amma ita ta koya masa aiki lokacin da ya zo da sabuwar rigarsa bai san inda ake kunna injin ba, don haka ya kira ta ofis, ya ja mata kujera, ya sassauta murya yana tambayarta ko aikin ya yi mata yawa, ko idon ne, ko tana son hutun mako biyu. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ta ce ita ba ta tuna ta buɗe waɗannan littattafan ba tun da ta rufe su. Ya tura mata takardar. Ta karanta daga sama har ƙasa kamar yadda take karanta komai, yatsanta na bin layi, har ya tsaya a kan sunana.

"To," ta ce, "in Injiniya ce ta rubuta, haka ne."

Daga ranar Umma ta canza. Matar da ta san shafin da kowane kuskure yake a littafin da aka buga shekara goma da suka wuce, ita ce ta koma sai mun kai bakin titi ta juya ta duba ko ta kulle ƙofa. Tana cikin girki sai ta tambaye ni ko na ga ta sa gishiri. Ta sayi ɗan littafi mai koren bango, duk abin da ta yi ta rubuta shi da lokacinsa: ƙarfe takwas da kwata na buɗe kwamfuta, tara saura biyar na sha magani. Rahoton kuwa bai fasa ba, kowace safiya da sunanta.

Ni kuma, Allah Ya yafe mini, manhajata na gaskata. Na fara yi wa Umma magana a hankali, ina maimaita mata abu sau biyu kamar mara lafiya. Na karɓe mata ajiyar makullin gida. Ta miƙo mini shi ba musu, ni kuma na ɗauka alheri nake yi.

Wata ranar Alhamis da safe ta ce linzamin kwamfutarta na tsalle, na je dubawa tana banɗaki. A bakin firintarta na ga takarda ɗaya da ta fito ba a ɗauka ba. Wasiƙar ajiye aiki ce, daga ƙarshen wata. Sakin layi uku, ba kuskure ko na ɗigo. Ta rubuta cewa ba ta son mantuwarta ta ɓata sunan wurin da ta gina da hannunta.

Na koma ɗan ɗakina mai fanka da tarin wayoyi, zuciyata na tafasa, ban ma san da wa nake fushi ba. Ba don ina zargin manhajar na buɗe ta ba. So nake in fitar da ranaku da lokuta dalla-dalla, in kai Umma wurin likita da hujja a hannu. Sai na buɗe ɗanyen bayanin da na'urar ke ajiyewa, wanda ba suna a cikinsa sai lambobi. A layin farko, inda ya kamata in ga dubu da ɗaya, dubu da ashirin da tara na gani. Layi na biyu ma haka. Duka haka.

Dubu da ashirin da tara lambar Mai Zane ce, bawan Allah mai shiru-shiru da ke tsara shafuka da bango a ɗakin ƙurya.

Na sa manhajar ta nuna mini sunan mai taɓawa da zarar ta yi tambayar farko. Ta ce Mai Zane. Na sa ta sake nuna shi bayan tambaya ta biyu. Ta ce Waƙafi. Sai a lokacin na buɗe bayanin umarnin da nake tambayar kundin da shi, bayanin da ya kamata in karanta tun ranar farko. Yana nan a rubuce ƙarara: wuri ɗaya na'urar ke ajiye amsa, in ka sake tambaya sabuwar amsa ta hau kan tsohuwa. Dole ka kwafe ta farko kafin ka nemi ta biyu. Ni ban kwafe ba, wurin kawai na riƙe. Tun da Umma ce ke buga kusan kowane littafi, ita ce mai fayilolin, kuma sunanta ne ke zuwa a ƙarshe. Gwajin da na yi a kan fayilolina ba zai taɓa tona wannan ba, don a can ni ce ta farko ni ce ta biyu.

Shi ma Mai Zane bai san yana yi ba. Manhajarsa ta tsara shafi ce ke ɗauko tsofaffin kwafi daga kwamfutarsa tana ɗora su kan gyararrun. Layi uku na canza a tawa manhajar, rahoton ya dawo daidai.

Na iske Umma a teburinta lokacin hutun rana, tana zuba shayi a murfin filas ɗinta. Na ja kujera na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta saurara har na kai aya.

"Wato kundin nan kofi ɗaya gare shi," ta ce. "Kin sa ya zuba na wancan, ba ki juye ba, kika sa ya zuba nawa a kai."

Na ce haka ne. Ta kurɓi shayinta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba ta yi mamaki ba ko kaɗan, kuma hannunta na hagu na dafe da koren littafin nan kamar mai tsoron iska ta ɗauke shi. Na zare shi daga ƙarƙashin tafinta. A shafin wata Talata ta rubuta cewa ta fita zuwa asibitin ido ƙarfe goma da rabi, ta dawo sha biyu da kwata. A gefe, da jan biro, ta ƙara: rahoto ya ce sha ɗaya da minti biyar. Ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Na ƙirga kwanakin.

"Kin sani, Umma. Kwana tara ke nan kin sani."

"Na san ba ni ba ce," ta ce. "Abin da ban sani ba shi ne yadda zan faɗa ba a ce ke ce ba. Ni na yi ashirin da shida, Injiniya. Ke ko shekara ba ki rufe ba."

Na yi kuka a gaban mutane, abin da na tsana a rayuwata. Ita kuwa ta miƙo mini murfin filas ɗin ta ce in sha kafin ya huce.

Da yamma na rubuta wa Manaja bayani shafi guda, na faɗi abin da ya faru da wanda ya jawo shi, na wanke Mai Zane, na sa sunana a ƙasa da ƙananan haruffa. Umma ta ce in kawo ta gani, don ba takardar da za ta fita daga ɗakin nan ba ta bi ta hannunta ba. Ta matsar da waƙafi biyu. Sannan ta tsaya a inda na rubuta cewa duk sakacina ne, ta soke kalmar, ta rubuta kuskure a samanta.

"Bar shi yadda yake," na ce. "Ba manhajar kaɗai nake nufi ba. Na yarda da ita, ban yarda da ke ba."

Ta dube ni ta saman tabarau.

"Wannan ba na Manaja ba ne," ta ce. "A gida za mu yi shi."

Ta ɗauko wasiƙar ajiye aikin, ta juya bayanta ta fara rubuta cefanen gobe. Ba ta ɗago kai ba ta miƙo mini tafin hannunta. Na ɗan tsaya kafin na gane, sannan na lalubo makullin gida daga jakata na ɗora mata. Ta ce in na fito daga ofishin Manaja in biyo ta nan, linzamin nan har yanzu tsalle yake yi.