Littafi na Goma Sha Biyu

"Ɗaga ƙafarka, Malam, ka taka mani littafi."

Malam Sha'aibu ya ja da baya, ya dubi ƙasa. Littattafai ne a shimfiɗe kan tabarma tun daga bakin zaure har gindin keken ɗinki, kowanne da rigarsa ta ƙyallen atamfa. Bawa tela na zaune a tsakiyarsu, ya jingina da bango, ƙafafunsa a kumbure. Ya ɗora guda a cinya yana goge rubutun fensir da kilina, garin robar na zubo masa a riga.

"Likita cewa ya yi ka kwanta," in ji Malam Sha'aibu.

"Likita ba shi da aji ran Asabar."

"Ni ka da aji, ba kai ba."

"Kai baki gare ka da alli. Littafi kau aikina na." Bawa ya hure shafin, ya juya na gaba. "Mutum nawa sunka rubuta suna bana?"

"Sha biyu."

"Har da Maniru mai lodin albasa?"

"Shi ne na ƙarshe."

"To madalla. Na yi mashi alkawari."

Shekara talatin da ɗaya ke nan bango guda ya raba gidajensu a Bodinga. Malam Sha'aibu ya koyar a firamare har ya yi ritaya, sannan ya ɗauki ajin yaƙi da jahilci na magidanta, wanda ake yi bayan La'asar a wata rumfa bayan kasuwa, daga an gama kai gero rumbu har ruwan farko. Littattafan ajin wata ƙungiya ce ta kawo su shekara bakwai da suka wuce. Sun zo da farar mota, suka ajiye guda goma sha biyu, suka jera dattawa aka ɗauki hoto, suka tafi. An ce hoton ya yi kyau.

Irin littafin nan ne mai layuka da ɗigo-ɗigo, wanda aka yi don mutum guda ya cike shi ya jefar. Bawa, da yake cikin ɗaliban farko, shi ya ce ba a yi haka ba. Ya kafa doka: ba mai sa biro, fensir kawai. In aji ya tashi sai ya tattara su, kafin a koma ya goge shafi-shafi, ya bi bayansu da keke ya ɗinke, ya yi musu riga da ragowar yadin mutane. Sau ɗaya Malam Sha'aibu ya gwada kai wani a yi fotokwafi don a ƙara yawa. Wani dattijo daga Danchadi ya juya takardun, ya mayar masa, ya ce shi ba ƙosai ya zo saye ba. Bai sake dawowa ba. Daga nan Malam ya gane cewa magidanci zai jure a ce bai iya ba, amma ba zai jure a ba kowa littafi shi a ba shi takarda ba, ko a ce ya leƙa na wani.

Abin dariyar shi ne Bawa ya fi kowa iya gogewa, ya kuma fi kowa nauyin kai. Sau shida yana farawa. Kowace shekara sai ya kai tsakiya, ɗinkin biki ko na Sallah ya taso, ya watsar, ƙarshen zango ya goge nasa tare da na mutane. Bana ne da ciwo ya sauke shi daga kan keke ya zauna da littafin a gida har damina ta fita. Malam bai ga inda ya kai ba, shi ma bai nuna ba.

Rashida ta shigo da kofin kunu. Ita kaɗai ce 'yar Bawa, tana aure a Shagari, ta zo jinya mako uku ke nan.

"Baba Malam, ka yi mashi magana. Tun hantsi shike abin ga, ko kunu bai sha ba."

"Na yi, ɗiyata. Ubanki tun muna samari ba a yi mashi magana." Malam ya tsuguna ya miƙa hannu. "Kawo in taya ka, Tela."

Bawa ya janye kilinar. "Kai? Kai da ka goge takarda awa mai kankare tukunya. Waccan shekara shafi biyu ka huda mani."

"Shafi guda."

"Biyu. Ni na liƙe su."

Ranar Litinin ce, ya gama shida. Talata ya yi uku, yana yi yana hutawa, numfashinsa na fita da ƙara. Laraba ya yi biyu, na biyun da ƙyar, Rashida na riƙe masa gefen shafin. Malam ya leƙo bayan Azahar ya tarar ya jingina kai da bango, idonsa a rufe.

"Saura nawa?"

"Saura nawa," in ji Bawa, ya taɓa ƙirjinsa da yatsa. "Gobe."

Alhamis da hantsi ya ce a fito da shi zaure ya ga hanya. Aka zaunar da shi. Ya dubi masu babur suna wucewa da buhunan irin albasa, ya gaida wani mai tura ruwa da hannu, ya nemi ruwan sha. Kafin Rashida ta dawo da moɗa ya cika. Malam Sha'aibu ne ya rufe masa ido. Kafin Azahar an kai shi, mutanen layin teloli duk sun rufe shaguna sun bi.

Aka ɗaga aji zuwa Litinin saboda zaman makoki.

Ranar uku, bayan an yi addu'a jama'a sun fara raguwa, wani ƙaton mutum mai kimanin shekara arba'in ya matso kusa da Malam ya durƙusa. Maniru ne. Aikinsa lodin albasa, kuma bara an ɗora shi bin mota zuwa kudu, ya sauke buhunan wani a hannun wani saboda bai iya karanta sunan da ke jikin buhu ba. Har yau 'yan tasha na kiran sa da sunan mai buhunan.

"Malam, ya haƙuri? Allah shi jiƙan shi."

"Amin, amin. An gode."

Maniru bai tashi ba. Ya yi ta murza hularsa.

"Malam, ba lokacin maganag ga ba ne, na sani. Amma marigayi ya ce mani akwai nawa. In babu, ka hwaɗa mani yanzu, kada in zaka cikin mutane."

"Akwai," in ji Malam Sha'aibu. "Ka zo Litinin."

Da ya tafi, Malam ya shiga zaure ya buɗe kwalin da Bawa ke ajiye littattafan a ƙarƙashin keke. Goma sha ɗaya ne, a goge tas, a jere. Ya duba bayan keken, ya ɗaga tabarma. Sannan ya tsaya a bakin ƙofar cikin gida ya yi sallama, ya ce a kira masa Rashida.

Ta fito da mayafi har ƙasa, jakarta a hammata. Gobe da safe za ta koma Shagari.

"Littafin Baba," in ji shi.

"Shina wurina."

"Na aji ne, ɗiyata."

"Keke na bar ma ƙanen Baba. Tuhwahi an rabas. Ban ce komi ba. Wanga guda niɗ ɗauka."

"Da nashi ne, da ni zan sa maki shi a jaka. Ba shi cikin gado. Aro ne, awa na kowa."

Ta zauna a bakin tabarma, ta ciro shi. Rigarsa shuɗiya ce, ragowar wani yadin makaranta. Ta buɗe shafi na goma sha huɗu ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba. A saman shafin an buga: Rubuta sunayen mutanen gidanku. Layi goma ne. Bawa mutum guda gare shi, kuma ba ya barin layi a banza. Ya rubuta Rashida sau goma, na farko a karkace, na ƙarshe a tsaye cak.

Malam ya daɗe yana kallo. A shekara talatin da biyar na koyarwa ya karɓe abubuwa da yawa daga hannun yara bai ji komai ba. Wannan ya rasa ta inda zai kama.

"Ki ɗauki hoto da waya."

"Na ɗauka tun shekaranjiya. Hoto ba hannu ba ne, Baba Malam."

"Gaskiya ne."

"Mutum guda ba shi iya leƙa na wani? Wata huɗu ne dut."

"Yana iyawa. Kwana biyu zai zo, na uku ba za ki gan shi ba. Na binne irin su da yawa a rajista." Ya rufe littafin, ya sake buɗe shi daga baya. "Kin duba har ƙarshe?"

"Ban wuce nan ba."

Shafin ƙarshe na wasiƙa ne. An buga a sama: Rubuta wasiƙa zuwa ga wanda kake so. Ba ɗalibin Malam da yawa suka taɓa kaiwa nan ba. Shafin a cike yake da rubutun Bawa manya-manya. Rashida ta yi makaranta har aji uku na sakandare, don haka ya miƙa mata. Ta gyara zama, ta goge ido da bakin mayafi, ta fara karantawa a fili.

"Zuwa ga wanda zai karɓi littafin nan. Sallama. Kada ka sa biro. Kada ka lashi yatsa in za ka buɗe shafi. Kada ka bar shi kusa da akuya. Shafi na ashirin da uku yana da wuya, ni shekara huɗu na yi a wurin, kada ka gudu. Ranar da ka karanta wannan da kanka, ba wani ya karanta maka ba, ka goge ka rubuta taka. Bawa tela, Bodinga."

Ta juya shafin ko akwai saura. Bangon littafi ne kawai.

"Shekara saba'in da huɗu," in ji ta. "Wasiƙa guda ya rubuta duniya. Har akuya ta samu shiga."

Malam yana da kalmomin lallashi irin na zaman makoki, ya ji su kwana uku a jere, bai ga wadda za ta yi aiki a nan ba.

"Haka shike tun ina ƙarama," ta ce. "Ranar da anka kai ni Shagari, abin da ya hwaɗa mani shi ne in riƙa ninke zane ta ciki kada rana ta ci shi." Ta yi 'yar dariya, hawaye na zuba. "Wane ne mutumin?"

"Maniru. Mai lodin albasa."

"Shina da hankali?"

"Yana da kunya. Ita ta kawo shi."

Ta dubi keken, ta miƙa hannu ta jawo ɗan aljihun keken da Bawa ke ajiye allura da alli. Kilinar na ciki, ta cinye saura kamar ƙwayar gyaɗa.

"Ba ni wuri, Baba Malam. Kai an ce huda takarda kake."

Daga La'asar har rana ta yi ja tana zaune a zauren tana gogewa, tana hurewa, tana juyawa. Mata masu gaisuwa na wucewa ta gefenta suna kallo, ba ta ɗaga kai ba. Ta tsallake na goma sha huɗu, ta yi sauran duka, ta bar wasiƙar yadda take. Sannan ta dawo.

"Ki bar wannan," in ji Malam. "Zan ce ya rubuta nasa a gefe."

"Shi ma yana da mutanen gida," ta ce.

Ta fara daga layin ƙasa ta yi sama.

Litinin bayan La'asar mutum goma sha biyu suka zauna a kan benci uku a rumfar bayan kasuwa, wasu da ƙasar fadama a ƙafa. Malam Sha'aibu ya sa aka yi wa Bawa addu'a, ya faɗi dokar fensir, ya raba littattafai. Mai shuɗiyar riga ya ba Maniru.

Maniru ya goge hannuwansa a wando kafin ya karɓa. Ya yi ta buɗe shafukan a hankali har ya kai ƙarshe, ya tsaya.

"Malam, an mance ba a goge nan ba."

"Ba a mance ba. Wasiƙarka ce."

"Tawa? Mi tac ce?"

"Ba ni aka rubuta wa ba. Buɗe shafi na ɗaya."

Ya buɗe. Malam ya rubuta harafin farko a allo, ya juyo yana bin benci yana gyara wa mutane riƙon fensir. Da ya iso kan Maniru sai ya ga ya sunkuya, ya karkata littafin wajen haske. Shafin fari ne tas, amma hannun Bawa da ya saba tura allura cikin yadi mai kauri ya danne takardar shekara bakwai a wuri guda, har ta yi ɗan kwari. Maniru ya ɗora bakin fensirinsa a ciki, ya riƙe numfashi, fensirin ya bi hanyar ya zagayo.